Iccen Biƙin Ruƙayyatu

Talata, 12 ga Maris 1985, bayan azahar

Sun gama girka gangar rana a tsakar gidana. Ganga ce baƙa ƙirin cikin akwatin katako, an rufe ta da gilashi, an sa mata famfo a gindi. A cika ta da safe, kafin azahar ruwan ya yi zafin da ba a sa hannu. Ba icce, ba hayaƙi, ba toka. Duk Illela gidana kaɗai aka zaɓa, don Malam Attahiru, shugaban ofishinmu na raya karkara, ya san mai aiki ya san masu zuwa hamma. Wata mai kamawa manyan baƙi za su zo daga Sakkwato su gani.

Matan unguwa sun cika min gida suna leƙe kamar an kawo kura. Shekara biyu ke nan ina koya musu risho da murhun laka mai tsimin icce, da na juya baya sai su koma kan duwatsunsu uku. Na sake faɗa musu yau: an hana shigo da icce gari sai da izini, hamada ta iso bakin ƙofarku, ku kuma kuna ƙone abin da ya rage. Sai Abu maƙwabciyata ta ce, "To Malama Hindatu, kananzirin ina shi?" Na ce ta tambayi mijinta, shi da ke tsallaka da shi Ƙonni a bayan raƙumi ko da an rufe iyaka.

Ɗiyata Ruƙayyatu ta zo goyon ciki tun Juma'a. Ita ke nan gare ni. Ƙafafu sun kumbura, tafin hannu ya yi kanta kamar na mai dakau. Yarinyar da na kai kwalejin horon malamai, saura shekara guda ta gama, ta tsaya kai da fata sai Halliru, manomin albasa a Araba, wanda ko sunanshi ba ya iya rubutawa da boko. Ubanta ya rasu, ƙannenshi suka ɗaura auren, ni aka ce in yi haƙuri. Na yi. Amma yanzu ta shigo gidana, kuma in Allah ya yarda ba ta komawa ƙauyen nan. Daga nan sai Sakkwato, sai aji.

Alhamis, da la'asar

Halliru ya zo gaisuwa. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa can nesa, ido a ƙasa, wai kunyar surukai. Ni ba na jin kunyar kowa. Na zuba mishi ido har sai da ya fara sosa ƙeya.

Ya ce, "Inna, dama zancen iccen biƙi ne. Tun da damina ta ɗauke nike tara shi. Gawon gonar Baba da fari ya kashe, shi na faskara, ban taɓa ɗanye ba ko reshe guda. In ta sauka lahiya sai in kawo."

Na san al'adar, ba sai an karanta min ba. Mai jego sai ta yi arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa safe da maraice, kuma miji ke kawo iccen. Da tsibin iccen nan matan ƙauye ke auna namiji. In ya yi tudu a ce yana son matarshi, in ya gaza a yi ta yi da shi a bakin rijiya har yaron ya yi wayo. Abin da Halliru ya mallaka ke nan da zai nuna wa duniya: gumagumai.

Na ce, "Ko tsinken sakace ba ya shigo min gida. Gidan nan gwamnati ke kallonshi."

Ya ce, "Inna, in ban kawo ba, mi za a ce da ni?"

Na ce, "Abin da aka saba cewa."

Labulen ɗaki ya motsa. Tana tsaye a baya tana ji. Gara ma da ta ji.

Litinin, 18 ga Maris, da hantsi

Namiji. Ta sha wuya amma ta sauka lafiya. Hancin ubana ne, goshin ubana. Ban ga komi na Araba a jikinshi ba, alhamdu lillahi.

Talata, bayan magariba

Sun turo min tsohuwa. Baraka, gwaggon Halliru, wai ita ce za ta yi wa mai jego wanka. Ta shigo da ƙunshin ganyen tsamiya a ka da bakinta jajir da goro. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ina murhu?" Na nuna mata gangar. Ta zagaye ta sau biyu, ta murɗa famfo, ta tara gwiwar hannu.

Da maraice ba ta sami abin cewa ba, don ruwan har tururi yake. Da safe ne matsalar. Ganga na kwana ta huce, rana kuma ba ta tashi aiki sai hantsi. Na kunna risho, amma mi risho zai yi da tukunyar wanka? Kananzirin ma kwalba guda na samu, da kyar, bayan na bi layi kamar 'yar gudun hijira.

Baraka ta ce, "Malama, wanga ai ruwan alwala ne. Sanyi za ki sa wa ɗiyar mutane."

Ɗiyar mutane! A gidana, a gabana. Na ce mata ɗiyata ce, ni na haife ta, kuma sanyin da take faɗi ba ya cikin kowane littafin likita. Ta ce ita ba ta san littafi ba, ta dai san matan da ta wanke. Tsohuwar banza.

Alhamis, bayan azahar

Ruwa ya yi zafi yau.

Ruƙayyatu ta kira ni ɗaki, ta sa na zauna bakin gado. Rabon da ta riƙe hannuna tun tana firamare. Ta ce, "Inna, don Allah wata magana zan faɗa miki, ke kaɗai. Ran Lahadi Halliru zai kawo iccen. Ya ari jakai, za su biyo ta hanyar fadama, bayan maƙabarta, su saje da 'yan kasuwa. Ba gidanki za a sauke ba, gidan Abu. Can za a dafa ruwan a miƙo ta katanga. Ba wanda zai ga hayaƙi a gidanki. Ki dai kau da kai kawai."

Na ce mi ya sa sai ta faɗa min?

Ta ce, "Don ba na son in yi miki ɓoyo, Inna. Wata biyar yana faskaren nan, hannunshi duk ya fashe. In bai kawo ba, ba ya iya ɗaga kai a Araba."

Na ce to.

Ta sumbaci hannuna. Wai don gumagumai.

Asabar, da hantsi

Na biya ta ofishin daji na gaida Maccido, shugaban masu tsaron gandu. Matarshi ba ta da lafiya kwanan baya. Gaisuwa ce kawai.

Lahadi, 24 ga Maris, bayan la'asar

An kama wasu da icce a bayan maƙabarta.

Ina barandar ofis, kasuwa ta cika maƙil, sai ga su an koro su, jakai shida da mutum guda, Halliru. Masu jakan sun zubar sun ruga, shi ya tsaya, wai kayanshi ne ba sata ya yi ba. Wauta dai ba ta da magani sai ta Allah. Mutanen Maccido da sojoji biyu suka tsayar da shi a bakin kasuwar shanu, suka tuɓe mishi riga, suka aza mishi gungume a ka, suka ce tsallen kwaɗo. Ya yi. In ya faɗi dorina ta tashe shi. Ya yi ta cewa, "Busasshe ne, wallahi busasshe ne, na biƙi ne, gobe suna!" Da ya ce gobe suna sai kasuwa ta kwashe da dariya, har da mahauta.

Daga nan suka tsiba iccen wuri guda suka zuba kananzir suka cinna wuta, don ya zama darasi. Kananzirin da suka zuba zai ishe ni wata guda. Gawo ne kam, ya bushe, ya ci bal-bal har ana ja da baya. Aka sa shi ya durƙusa yana kallo har ya zama gawayi.

Ya ɗago sau ɗaya ya dubi baranda. Ban kau da kai ba. Mi na yi da zan kau da kai?

Sun kai shi ɗakin da ke bayan ofishin daji, inda ake ɗaure dabbobin da aka kama cikin gandu. Doka ce. Ba ni na rubuta ta ba.

Litinin, bayan azahar

An yi suna. Tun asuba na aika wa liman goro da sunan: Maliki, sunan ubana. Tsohon Halliru ya zo da rago da mutanenshi 'yan kaɗan, ya ce a hankali wai ɗanshi ya so a sa Isa. Malam Attahiru ya ce mishi an riga an yi huɗuba, kuma uban yaro ba ya nan balle a tambaye shi. Tsoho ya sunkuyar da kai ya shafa fatiha tare da kowa. Maroƙi ya ɗaga murya, Maliki, jikan Maliki. Wallahi har cikin ƙashina na ji daɗi.

Mata sun zo, sun ci, sun sha, suna ta satar kallona. Ba wadda ta yi guɗa sai da na harari Abu.

Ruƙayyatu ta yi kwalliya don na ce ta yi. Ba ta ci komi ba. Da mutane suka watse ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Inna, ke kaɗai na faɗa wa hanyar."

Na ce jakai shida ba allura ba ne, kowa na da ido.

Ta ce, "Ke kaɗai."

Ta saki labule.

Laraba, da la'asar

Ruwa ya yi zafi. Ba ta yi min magana ba.

Juma'a, bayan magariba

Na kori Baraka. Na dawo daga aiki na tarar ta tattara kara da busasshen kashin shanu a bayan ɗaki tana hura wuta a ɓoye, hayaƙi ya turnuƙe har ya ɓata gilashin gangar. Na sa ƙafa na watsa murhun, na kife tukunyar. Na ce ta ɗauki ganyenta ta bar min gida kafin in sa a kai ta inda ɗanta yake.

Ta ɗaure ƙunshinta ba gaggawa. A zaure ta juyo ta ce, "Malama, ke kika kai shi, duk garin ga an sani. Allah na nan."

Na ce Allah na nan tun kafin a haife ta, ta gaida mutanen Araba.

Yanzu gidan ya yi shiru, daga ni sai ɗiyata sai jikana. Haka ya kamata tun farko.

Asabar, da hantsi

Na tashi da wuri na kunna risho, na haɗa da abin da ya kwana a ganga, na kai mata ruwa bayan ɗaki da hannuna, ni Hindatu, da girmana. Ta fito ta dubi bokitin, ta ɗaga shi ta tuttular a ƙasa. Ta je randa ta kamfato ruwan sanyi ƙwarya biyu, ta sheƙa a jikinta a gabana, tana kallona, haƙoranta na kaɗawa.

Mai jegon da ba ta yi mako biyu ba! Abu na leƙe ta katanga, ta saki salati har da tafa hannu. Kafin azahar labari ya kai tasha.

Ni na ce sanyi ba ya cikin littafi. To amma da na gani ban san sadda na ɗaga murya ba. Na ce, "Kashe kanki za ki yi don ɗan ƙauye?" Ta wuce ni kamar ta wuce turmi.

Talata, 2 ga Afrilu, bayan azahar

Ruwa ya yi zafi. Ya huce a ganga ba wanda ya taɓa.

Alhamis, da la'asar

Maccido ya tare ni a hanya. Ya ce, "Malama, yaron nan fa ba mu da abin da za mu riƙe shi a kai, icce ya ƙone, masu jakai sun karɓi abinsu. Tsohonshi kullum yana bakin ofis tun safe. In sake shi?"

Na ce shi ke da ofis, ni mi nawa? Na dai tuna mishi baƙi na tafe ran Alhamis mai zuwa, kuma za su so su ji cewa dokar icce na da haƙora a Illela. In an tambaye shi mutum nawa ya kama, ya ce ya kama ya saki?

Ya ce haka ne kuma.

Lahadi, bayan magariba

Yau ta yi magana. Ta shigo ɗakina da Maliki a kafaɗa, ta durƙusa har ƙasa. Ta rame, idanu sun faɗa. Ta ce, "Inna, na tuba. Ruwan gangarki zan yi wanka da shi, safe da maraice, in kin ce sau biyar ma zan yi. Kalma guda za ki faɗa wa Maccido. An ce bayanshi ya ruɓe, ƙuda na bin shi, a kan kashin dabbobi yake kwana. Ko ɗanshi bai gani ba."

Na ce ta tashi, ƙasa da sanyi.

Ta ce ba ta tashi sai na amsa.

Na ce to, ga abin da za a yi. Ran Alhamis ta yi wanka ta yi ado ta tsaya gefen ganga da yaro, ta faɗa wa baƙi da rana ta yi jegonta kuma lafiyarta lau. In ta yi haka, Juma'a a sake shi. Ta ce ta yarda. Ta yi ta godiya har abin ya ba ni haushi. Ni ban taɓa samun irin wannan durƙuson ba, ko ranar da na sayar da awarwarona na kai ta kwaleji.

Sauran sharaɗin ba nata ba ne, ban faɗa mata ba.

Talata, 9 ga Afrilu, bayan azahar

Na je na ga Halliru. Wari tun daga ƙofa, sai da na toshe hanci da gyale. Yana kwance rub da ciki a kan buhu. Da ya ga ni ce ya yi ƙoƙarin tashi ya durƙusa, ya kasa, wuyanshi a sandare kamar an sa mishi tabarya.

Ban tsaya kewaye-kewaye ba. Na ce, "Halliru, kai ma ka san ba ajinka ba ce. Ka sauwaƙe mata, a gaban Maccido, yau ɗin nan ka kwana gidanku. Yaro in ya girma ya zo ya gaishe ka."

Sai ya yi min wani murmushi, haƙora duk a waje, a cije. Murmushi! Ni zai yi wa? Ya yi magana ta cikin haƙoran, ko buɗe baki bai yi ba don raini, da kyar na ji. Wai, "Inna, ki gahwarce ni. Ba ni iyawa."

Na ce ba ya iya mi, sakin ko buɗe baki?

Ya ce, "Matata ce."

Har na fito murmushin nan na fuskarshi.

Maccido ya biyo ni waje yana goge zufa. Wai tun jiya yaron ba ya iya haɗiyar ko kunu, in an buga ƙofa da ƙarfi sai jikinshi ya ɗau mazari ya bankare, shi fa yana ganin a kai shi asibiti. Na ce a ratsa da shi tsakiyar gari a kan amalanke, da bayan nan nashi, ana jibi baƙi? Ana ta share titi ana shafa wa duwatsu farar ƙasa? Kwana biyu ne. Wanda ke da ƙarfin yi min murmushi yana da ƙarfin jira.

Alhamis, 11 ga Afrilu, bayan la'asar

Kai, yau rana ce!

Motoci biyar. Babban Darakta da kanshi, da malaman jami'a da suka ƙera gangar, da mai ɗaukar hoto. Rana ta yi min biyayya, ko gajimare babu. Darakta ya murɗa famfo ya tara yatsa ya janye da sauri, kowa ya yi dariya aka tafa. Na jera mata ashirin da risho a gabansu, Malam Attahiru ya samo kananzir daga inda ya samo, duk suka kunna lokaci guda. Na yi bayani da Turanci na yi da Hausa: kowace mai jego na ƙone abin da ya kai itaciya guda, ku lissafa haihuwar jihar nan a shekara. Wani malamin jami'a har rubutawa ya yi.

Ruƙayyatu ta fito cikin leshina mai ruwan goro. Ta yi kyau, duk da ramar. Darakta ya ce, "Mai jego, yaya ruwan rana?" Ta ce, "Da zafi, ranka ya daɗe." Ya ce, "Maigida bai sha wahalar icce ba ke nan?" Aka yi dariya. Ta dubi ƙasa ta ce, "Ya huta." Aka ɗauke mu hoto, ni da ita da Maliki da ganga.

Kafin su tafi Darakta ya ce irina ake so a hedikwata, za a mayar da ni Sakkwato in riƙe shirin na mata gaba ɗaya, da gida. Na yi mishi zancen karatun Ruƙayyatu, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ta koma ajinta bayan salla.

Na shiga ɗakinta da gudu kamar yarinya in faɗa mata. Ta riga ta tuɓe leshin ta ninke shi a kan gadona. Ta ce, "Gobe Juma'a, Inna."

Juma'a, bayan azahar

Na cika alkawari, kowa shaida ne. An sake shi da safe.

Ban fita ba. Abu ce ta shigo ba sallama tana faɗin abin da ba a tambaye ta ba, wai mutum huɗu suka ɗauko shi, wai ya lanƙwashe baya kamar baka, wai malamin asibiti ya duba ya girgiza kai ya ce an makara, ciwon sarƙewar haƙora ne ya shiga ta miki, su je gida. Na ce ta fita min.

Ruƙayyatu ta goya yaro ta ɗauki mayafi. Na tare ƙofa. Na ce arba'in ba ta cika ba, mai jego ba ta fita, wace irin ɗiya ce ba ta san al'ada ba? Ta dube ni, ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta raɓa ta gefena ta wuce. A ƙasa ta bi amalanken da aka ɗora shi, cikin ranar nan, har Araba.

Ko kayanta ba ta ɗauka ba. Za ta dawo.

Lahadi, da la'asar

Ruwa ya yi zafi.

Litinin, da la'asar

Na aika da madara da sabulu da maganin sauro. An dawo da su.

Laraba, 17 ga Afrilu, bayan azahar

An ce da hantsi Halliru ya cika. An kai shi kafin azahar.

Kwana ya ƙare, ba wanda ke ƙara wa wani ko rage mishi. Ni dai ban taɓa shi ba ko da yatsa. Ban riƙe dorina ba, ban kulle ƙofa ba, ban ce a kwantar da shi kan kashin jakai ba. Na ce mishi kada ya kawo, a gaban ɗiyata na faɗa, da Hausa. Da ya ji magana da yanzu yana cikin albasarshi.

Maccido ya ga ni a hanya ya tsallaka ɗaya gefen. Shi da ya riƙe makulli!

Juma'a, bayan magariba

Na je gaisuwa Araba cikin motar ofis. Na sa a tsaya a ƙofar gidan sosai don su gani.

Gidan cike da mata. Da na yi sallama aka amsa ciki-ciki, aka buɗa min hanya kamar mai ƙyanda. Tana ƙuryar ɗaki a kan tabarma, an tsefe mata kai, ta lulluɓa da wani tsohon zane na uwar mijin, yaron a cinyarta. Baraka na gefenta. Na zauna na yi gaisuwa yadda ake yi. Ruƙayyatu ta amsa, "Haƙuri sai ma'aiki," ba ta ɗago ba.

Na jira mata suka ragu. Na matsa na yi ƙasa da murya, na ce abin da ya faru ya faru, ita yarinya ce, rayuwa na gaba. Takaba dole a nan za ta yi, na sani, ba na jayayya da shari'a. Amma ranar da ta fita zan turo mota. An ba mu gida a Sakkwato, ɗakinta daban, kwaleji na jiranta, Maliki kuma zan samo mai reno.

Ta juya wurin tsohuwar ta ce, "Gwaggo, an ba baƙuwar nan ruwa kuwa? Daga nesa take."

Na ce, "Ruƙayyatu, ni ce fa."

Yaron ya motsa ya fara ƙananan kuka. Na miƙa hannu in ɗauke shi, jikana, mai goshin ubana. Ta janye shi a hankali, ba fushi, ba gaggawa, ta sa shi a ƙirji ta rufe da zane.

Ta ce, "A bar shi, Malama. Isa bai saba da baƙi ba."

Malama. Yadda matan kasuwa ke kirana.

Baraka ta kawo ruwa a moɗa ta aje a gabana. Na sha, na tashi. Har na fita ba ta sake duban inda nake ba.

Asabar, da hantsi

Zuga ta aka yi. Tsohuwar nan ce. In ta huce za ta nemi uwarta, wa take da shi?

Alhamis, 25 ga Afrilu, da la'asar

Na aika Abu. Ta dawo ta ce an karɓe ta da mutunci, an ba ta fura. Da ta ambaci sunana Ruƙayyatu ta ce ita marainiya ce, uwa da uba, a daina wahalar da mutane a hanya.

Alhamis, 2 ga Mayu, bayan azahar

Canjin wurin aiki ya fito. Asabar zan tashi.

Direban ofis ya zo duba kaya. Yana ta washe baki, wai mutum nawa za a ɗauka, don ya san ko ya shimfiɗa katifa a baya saboda jariri, hanyar Gwadabawa ba ta da kyau.

Na ce mishi ni kaɗai ce, in kuma ya sake tambayata sai na sa an kore shi.